Kurakuran da sabbin yaran hanga ke ta maimaitawa a kan agogon jairo

Na gaji da faɗin magana ɗaya ga duk yaron da aka kawo koyon aiki, gara in rubuta kowa ya karanta. Maganar agogon nan ce da ke nuna wa matuƙi ko hancin jirgi ya ɗaga ko ya sunkuya, ko fiffike ya karkata, irin na ƙananan jirage kamar Cessna 172 da ke aiki da zuƙar iska.

A cikinsa akwai wata ƙaramar taya mai nauyi, ita ake kira jairo, da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kamar dai katantanwa, muddin tana gudu ba ta yarda ta kwanta, jirgin ne ke karkata a kewaye da ita. Famfon da ke jikin inji shi ke zuƙo iska, ta shigo ta filta, ta bugi tayar ta juya ta. Gejin zuƙa ya kamata ya tsaya wajen inci 4.5 zuwa 5.5 na makyuri, amma ka duba littafin jirginka.

Toh babban kuskure shi ne taɓa regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin zuƙar iska. Yaro ya ga geji ya kauce daga kore, sai ya miƙa hannu bayan fanel ya murɗa har allura ta dawo, ya zo yana murna wai ya gyara. Me ka gyara? Allura ka lallasa, cutar tana nan. Yawanci filta ce ta toshe, ko tiyo ya tsage ko ya lanƙwashe, ko famfon ne ya fara gajiya, kai kuma ka rufe alamar da za ta tona. Iska ba ta isar jairo, yana juyawa a hankali, layin sararin da ke fuskar agogon, wanda matuƙi ke bi, yana ta kasala. Mu da ke aiki cikin hazon hunturu ma abin ya fi muni, ƙurar Disamba da Janairu ba ta jiran awannin da aka rubuta a littafi. Ni dai al'adata, hazo na wucewa nake sauya babbar filta da ɗan soson da ke kan regileta ko lokacinsu bai yi ba, wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce, su je su tambayi kuɗin agogo.

Na biyu ya taɓa ci min kuɗi da mutunci. Famfo ya mutu, na ba wani yaro sabo ya ɗaura, ya ɗaura tsaf amma bai duba tiyo ba. Fuka-fukan cikin irin wannan famfo na gawayi ne, in suka farfashe ɓurɓushinsu na komawa cikin tiyo, sabon famfon ya zuƙe su shi ma ya tarwatse, mai jirgi kuwa bai san yaro ba, ni ya sani. Don Allah in famfo ya mutu a cire tiyo daga jikin agogo, a wanke ko a sauya shi, a sauya filta, sannan a ɗaura sabo. Kuma kar a busa iskar kwamfireso alhali agogo na haɗe, za ka kashe shi nan take. Wajen wanke inji a rufe famfon, mai ko sinadarin wanki in ya shiga ya gama da gawayin.

Abin da ya sa nake ɗaga murya, wannan agogon ba ya mutuwa farat ɗaya. Famfo in ya tsaya jairo na rage gudu kaɗan kaɗan, layin na karkacewa a hankali, matuƙi yana cikin gajimare ba ya ganin ƙasa sai ya bi shi. A Oktoban 2000 gwamnan jihar Missouri a Amurka, Mel Carnahan, ya rasu a hatsarin Cessna 335 da dare cikin mummunan yanayi, masu bincike suka ce matuƙin ya rikice bai san sama da ƙasa ba, kuma lalacewar wannan agogon na cikin abin da ya jawo. Kai da ke riƙe da sifana ka san abin da ke hannunka.

Sauran a gurguje. Farin salatif ɗin masu gyaran famfon ruwa kar ya kusanci mahaɗar tiyo, guntunsa na shigewa ciki. Kar a cire agogo da zarar an kashe inji, jairo na ɗaukar mintuna da dama kafin ya tsaya. In an cire a toshe bakunansa, a ɗora shi kan soso, ɗan bugu kaɗan a kan teburi na lotsa boris ɗin da jairo ke juyawa a kai. Wajen sayen wani a duba ko fanel ɗin jirgin a miƙe yake ko yana da kwanciya, akwai waɗanda aka saita don digiri 8. Maɓallin da ke gaban agogon kuwa ɗan hoton jirgin kawai yake motsawa, ba ya gyara layin da ya karkace.

Bayan aiki kar ka sa hannu sai ka tada inji ka gani da idonka. Layin ya miƙe cikin minti biyar, in ana juya jirgi a ƙasa kar ya karkata fiye da digiri 5, in an kashe inji ka kasa kunne, gurnani ko tsayawa da wuri alamar boris ne. In ya faɗi ɗaya daga ciki a rubuta, a cire, a tura wa masu lasisin gyaran agogo, kar wanda ya buɗe min shi a hanga.