Yadda ake zaɓen kamfani idan za a sayi babban katin hoto na kwamfuta

Wanda ya yanke shawarar sayen babban katin hoto, irin su GeForce RTX 5090 ko RTX 4090 na Nvidia, ko Radeon RX 7900 XTX na AMD, yakan ɗauka ya gama da wahalar zaɓi, sai ya tarar da kati guda ɗaya a ƙarƙashin sunaye sama da goma, kowanne da nasa kwali da nasa kirari. Asus da MSI da Gigabyte da Zotac da Palit da PNY duk suna sayar da katunan Nvidia, yayin da Sapphire da PowerColor da XFX da ASRock suka fi shahara a ɓangaren AMD. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni da ke ƙera ƙwaƙwalwar katin. Nvidia ko AMD ne ke tsara ta, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera ta, sannan a sayar wa masu haɗa kati su ɗora ta a kan nasu allon. Kowane RTX 5090 yana da gigabait 32 na ma'adana, wato wurin da katin ke ajiye bayanan da yake aiki da su, nau'in GDDR7, kowane RTX 4090 kuma yana da 24 nau'in GDDR6X, ko wane suna aka rubuta a jikinsa. Abin da mai saye ke zaɓa a tsakanin kamfanoni shi ne tsarin sanyaya kati da girmansa da ƙararsa da yadda yake karɓar wuta, sai kuma irin kulawar da zai samu ranar da katin ya lalace.

Matakin farko shi ne a ɗauko tef ɗin awo a buɗe akwatin kwamfuta, tun kafin a karanta ra'ayin kowa game da kowane kati. Katin RTX 4090 da Nvidia ta haɗa da kanta, wanda ake kira Founders Edition, tsawonsa milimita 304 ne kuma yana cin gurbi uku na guraben katuna da ke bayan akwati, amma ROG Strix na Asus mai ƙwaƙwalwa iri ɗaya ya kai kusan milimita 358, yana kuma cin gurbi uku da rabi. Wannan bambancin na santimita biyar da ɗoriya ya isa ya hana kati shiga akwati, musamman idan akwai na'urar sanyaya ta ruwa a gaban akwatin. A auna tsawo daga bayan akwati zuwa abu na farko da zai tare hanya, a ƙirga guraben da ke buɗe a ƙasan inda katin zai zauna, sannan a auna faɗi daga babban allon da ake soka katin a jikinsa (motherboard) zuwa murfin gefe. Wannan awo na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali a gefen kati ake soka wayar wuta, kuma tana buƙatar sararin santimita uku zuwa huɗu kafin a lanƙwasa ta. Bayan wannan awo, yawanci wasu katunan sun fita daga lissafi da kansu.

Sai batun wuta, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. RTX 4090, da ya fito a watan Oktoba na 2022, yana jan wat 450, RTX 5090 na watan Janairun 2025 kuma yana jan wat 575, shi ya sa Nvidia ta ba da shawarar na'urar ba da wuta mai wat 850 ga na farkon, mai wat 1000 ga na biyun. Kusan duk wannan wutar tana bi ta soket guda mai tsinke 16. A ƙarshen 2022 an samu rahotannin narkewar wannan soket, mai suna 12VHPWR, kuma Nvidia ta danganta matsalar da rashin soka waya har ƙarshe. Daga baya aka sake fasalinsa aka kira shi 12V-2x6, aka rage tsawon ƙananan tsinkayen da ke sanar da kati cewa waya ta shiga, domin kada kati ya ja cikakkiyar wuta idan ba ta zauna daram ba. A nan kamfanoni sun ɗan bambanta. ROG Astral na Asus, alal misali, yana auna wutar da ke bi ta kowane tsinke daban, ya nuna a manhajarsa, ta yadda mai kati zai gane idan nauyi ya taru a kan tsinke ɗaya. Wannan abu ne mai amfani na gaske, amma ba ya maye gurbin soka waya har sai an ji ta kama, da kuma amfani da wayar da ta zo da na'urar ba da wuta mai bin ƙa'idar ATX 3.0 ko 3.1. Wanda soket ɗin ke ba shi tsoro gaba ɗaya ya sani cewa yawancin katunan RX 7900 XTX suna amfani da tsohon soket mai tsinke takwas, biyu ko uku a kati.

Haruffan OC da ake mannawa a kwali suna nufin kamfani ya ɗan ƙara gudun ƙwaƙwalwar katin tun daga masana'anta. A wasan kwamfuta, ƙarin da ake samu bai cika wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba, wato hotuna biyu ko uku a daƙiƙa ga wanda ke samun ɗari, kuma ido ba ya ganin wannan. A ganina bai kai a biya masa ƙarin kuɗi ba.

Inda ƙarin kuɗi ke sayen wani abu shi ne wajen sanyaya. Kusan kowane kamfani yana da hawa-hawa a cikin kayansa: MSI tana da Ventus a ƙasa, Gaming Trio a tsakiya, Suprim a sama, Gigabyte tana da Windforce da Gaming OC da Aorus Master, Sapphire kuma tana da Pulse da Nitro+. Saboda haka tambayar ko MSI ta fi Gigabyte ba ta da amsa guda, domin sau da yawa tazarar da ke tsakanin ƙaramin kati da babba na kamfani ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin manyan katunan kamfanoni biyu. Babban kati yana zuwa da ƙarfen shan zafi mai nauyi da manyan fankoki, waɗanda ke iya juyawa a hankali su fitar da zafin da ƙananan fankoki sai sun yi ta ihu kafin su fitar. Idan ana karanta sakamakon gwaji, kada a dubi ma'aunin zafi shi kaɗai, domin kowane kati zai yi sanyi idan aka saki fankokinsa. A nemi gwajin da aka daidaita ƙarar katunan duka a mataki ɗaya sannan aka auna zafinsu, a kuma dubi zafin ma'adana, ba na ƙwaƙwalwa kawai ba. Katin da ke da ɗan makunni na sauya BIOS, wato manhajar da ke cikin katin mai tsara aikinsa, tsakanin yanayin shiru da yanayin gudu yana da daɗin zama, musamman ga wanda kwamfutarsa ke kan tebur kusa da kunnensa. Akwai kuma wani siririn kuka da wasu katuna ke yi idan suna aiki da ƙarfi, wanda ke fitowa daga ƙananan nannaɗaɗɗun wayoyin da ke kan allo. Wannan kam sa'a ce, domin katuna biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a kansa, kuma babu kamfanin da ya tsira daga gare shi.

Garanti shi ne abin da mutane ke karantawa bayan matsala ta auku, alhali kafin saye ya kamata a karanta shi. Sharuɗɗan kamfani ɗaya suna sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a nemi na ƙasar da za a yi amfani da katin. A bincika shekarun da garantin ya ƙunsa, ko sai an yi rajista a cikin ƙayyadadden lokaci kafin a samu ƙarin wa'adi, ko yana bin katin idan aka sayar da shi ga wani, ko cire murfi domin sauya man shan zafi yana ɓata shi, da kuma wanda zai ɗauki nauyin aika katin wurin gyara. Katin da aka sayo daga wata ƙasa yana iya buƙatar a mayar da shi can. Haka kuma tsohon suna ba tabbaci ba ne: EVGA, wadda aka daɗe ana yabo kan kula da masu sayen kayanta, ta daina yin katunan hoto a watan Satumba na 2022, don haka duk katinta da aka gani yanzu na tsohon zamani ne.

Idan katuna biyu ko uku suka rage bayan wannan tankade da rairaya, a dubi ƙananan abubuwa kamar yawan ƙofofin HDMI da DisplayPort da ake soka wayar allon kallo a cikinsu, da ko an haɗo da sandar tallafe kati, domin kati mai nauyin kilo biyu yakan rankwafa ya matsa wa gurbinsa. Daga nan a ɗauki mafi sauƙin kuɗi a cikinsu.

Ranar da katin ya iso, a gwada shi tun wa'adin mayarwa bai ƙare ba. A buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna cikakkun bayanan kati, a tabbatar bayanan katin sun yi daidai da na kamfani. A watan Fabrairun 2025 Nvidia ta amince cewa wasu 'yan katunan RTX 5090 sun fito da sassan zana hoto da ake kira ROP guda 168 maimakon 176, kuma matsalar ta bayyana a katunan kamfanoni daban-daban saboda daga ƙwaƙwalwar take. Bayan wannan a bar katin ya yi aiki mai nauyi na awa ɗaya ko biyu da murfin akwati a rufe, ana lura da zafinsa da ƙararsa, sannan a kashe kwamfutar a sake duba soket ɗin wuta ko yana nan a zaune yadda aka soka shi.