Yadda zaka fara tara tsofaffin injinan kafinta na wuta, ka tashe su da hannunka

Wanda bai taɓa ɗaga tsohon injin huda mai jikin alminiyam ba bazai gane abinda nake faɗa ba sai ya ɗaga. Nauyin ne farko zai baka labari, sannan sanyin ƙarfen a tafin hannu, sannan ka juya shi kaga notinan duk a waje suke suna kallonka, babu wanda aka ɓoye a ƙarƙashin roba, babu gam, wato wanda ya ƙera shi tun asali ya san wata rana wani zai buɗe ya gyara. Wannan shine abinda ya ja ni cikin harkar nan, kuma shi nake so ka riƙe a ranka duk lokacin da kaje saye. Amma fa injinan nan an yi su ne zamanin da ba'a damu da kare mai aiki kamar yanzu ba, dan haka akwai tsari, in ka bi zaka ji daɗi, in ka tsallake zaka iya rasa yatsa ko abinda yafi yatsa.

Ka fara da sanin me kake nema, dan in baka sani ba duk ƙarfen da ka gani sai ka kwaso. Injin huda na hannu mai wuta kamfanin Fein ne ya fara yinsa a Stuttgart ta Jamus a 1895, shi kuma wannan siffar da muka saba, mai mariƙi kamar bindiga da makunni a ƙarƙashin yatsa, Black & Decker ne suka yi mata rajista a Amurka a 1917. Zarton hannu mai zagaye na Skil ya samo asali daga 1924, sanannen nasu mai lamba 77 kuma ya fito a 1937. Delta sun kawo teburin zarto Unisaw a ƙarshen shekarun 1930, Milwaukee suka kawo Sawzall, zarton wuta mai kai da komowa, a 1951, Makita a Japan suka fitar da injin fere katako na hannu a 1958. Ba wai sai ka haddace ba, amfanin shine in kaga inji zaka iya ƙiyasta zamaninsa. Ni a ganina mai farawa ya tsaya kan na shekarun 1950 zuwa 1970, suna da yawa, kayan gyaransu basu gama ɓacewa ba, kuma ƙarfensu mai kyau ne. Sannan ka zaɓi layi ɗaya, ko kamfani ɗaya ko nau'in inji ɗaya, injin huda yafi sauƙi wajen koyo dan cikinsa babu yawa.

Inda ake samu kuwa baya wuce wajen masu gwanjo, masu sayen tsohon ƙarfe, tsofaffin kafintoci da suka ajiye aiki, makarantun koyon sana'a in zasu canza kaya, sai intanet. Na tsohon kafinta yafi min kowanne, dan zai gaya maka abinda ya taɓa lalacewa a jiki, kuma sau da yawa makullin bakin injin da safayar kaya suna nan cikin wani gwangwani ya ajiye.

To ga injin a gabanka. Abu na farko ka nemi ɗan farantin nan na ƙarfe da aka manna a jiki, shine takardar haihuwarsa, akwai sunan kamfani, lambar samfuri, ƙarfin wuta da gudun juyawa. In babu farantin darajarsa ta ragu sosai wajen masu tarawa kuma neman kayansa zai wahalar da kai. Wani abu mai daɗi a nan, tsofaffin kayan Craftsman da kamfanin Sears na Amurka ya sayar ba su suka ƙera da kansu ba, lambobi ukun farko na lambar samfurin ne suke gaya maka maƙerin, 113 Emerson ne, 103 kuma King-Seeley, da wannan kaɗai zaka san inda zaka dosa.

A farantin nan ka duba wutar da kyau. Kayan Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, na Turai 220 zuwa 240, in ka soka na 110 a wutar 220 cikin sakan kaɗan kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, ya ƙone, injin da ya shekara 60 lafiya ya mutu a hannunka. Sai ka nemi taransifoma mai rage wuta, kuma wadda ƙarfinta ya ninka abinda injin yake ja, saboda lokacin tashi yana jan wuta fiye da wadda aka rubuta. Akwai kuma maganar 50Hz da 60Hz, wato sau nawa wutar take kai da komowa a sakan ɗaya. Ƙananan injinan hannu masu buroshin gawayi a ciki basu damu da wannan ba sosai, amma manyan injina marasa buroshi irin teburin zarto, wanda aka rubuta masa juyi 1725 a minti a kan 60Hz zai sauko wajen 1425 a kan 50Hz kuma zai fi saurin zafi, sai ka lura dashi.

Yanzu kar ka soka a wuta. Na san mai sayarwa zai ce kawo in kunna maka ka gani, kace masa ya dakata tukuna. Ka juya bakin da hannu kaji, in yana tafiya sumul madalla, in kana jin ƙaras ƙaras kamar da yashi a ciki boris ne, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sanda ke juyawa a ciki, ya gaji, wannan ba matsala bace babba. Ka girgiza sandar hagu da dama ko tana wasa. Sannan ka kai hancinka ramukan iska ka shaƙa, kwayil da ya ƙone yana da wani wari mai ɗaci na ƙonannen banish wanda ko bayan shekaru baya fita, in ka ji shi to ka san sai an kai wa mai naɗin kwayil, kuma ƙaramin inji sau da yawa bai cancanci wannan wahalar ba sai in mai wuyar samu ne. Ka duba jikin ko ya tsage, tsatsa ana cirewa, fenti ana sakewa, amma zubin ƙarfe da ya tsage waldarsa sai gwani, shima ba kullum take riƙewa ba.

Abinda yasa nake nanata maganar wuta, na taɓa kawo wani injin huda gida, jikinsa fes, wayarsa ma a ido lafiya, na soka na danna, sai ji nayi hannuna ya ƙanƙame har kafaɗa, Allah ne ya kiyaye filogin ya zare da na ja baya. Da na buɗe mariƙin sai naga robar wayar a ciki ta bushe ta farfashe kamar busasshiyar laka, jan ƙarfen tsirara yana taɓa jikin alminiyam ɗin, a waje kuwa babu wata alama. Injinan yanzu masu jikin roba an musu rufi biyu, shine wannan alamar murabba'i cikin murabba'i da kake gani, su tsofaffin nan basu da shi, jikin gaba ɗaya ƙarfe ne kuma da yawa waya biyu kawai suka zo da ita babu ta at, wato wadda ke kai wutar da ta yi yoyo zuwa ƙasa.

Dan haka aikin farko a gida shine waya. Ka cire tsohuwar gaba ɗaya, ka sa sabuwa mai uku, ta at ɗin ka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen ta ciki, wajen da ka kankare fenti ya fito fari, ka tabbatar makunni yana kan wayar da ke ɗauke da wuta. Ka sa mita ka auna daga ƙafar at ta filogi zuwa jikin injin, dole su haɗu, sannan daga sauran ƙafafun biyu zuwa jiki, dole kar su haɗu ko kaɗan. Mita ta gida bata gano duk yoyon wuta, shi yasa yana da kyau mai gyaran wuta ya auna maka da mega, wadda take tura bolt 500, in ta nuna ƙasa da megohm 1 kar ka kunna. Kuma soket ɗin shagonka ya zama yana bayan birka mai yanke wuta in ta fara yoyo, irin ta 30mA. In baka iya aikin wuta ba ka bawa wanda ya iya, ka tsaya kusa dashi kana kallo, haka ake koya.

Wajen kwancewa ka riƙa ɗaukar hoto da wayarka a kowane mataki, musamman yadda wayoyi suka bi da yadda wasa-wasa, ƙananan faifan ƙarfen nan masu huda a tsakiya, suka jeru a kan sanda, dan wallahi bayan sati biyu bazaka tuna ba. Notina ka zuba a gwangwanaye daban daban. Noti da ya kafe kar ka masa ƙarfi, ka ɗiga mai ka barshi ya kwana, kuma sukundireban ya zama daidai bakin notin, dan na tsofaffin kayan Amurka da Ingila awon inci ne, in ka ci bakinsa samun irinsa aiki ne. Ka sani kuma akwai masu juyin hagu, notin cikin bakin injin huda mai komawa baya, da notin da ke riƙe zarto a Skil 77, waɗannan in kana kwancewa yadda ka saba ƙara ɗaurewa kake.

Cikin akwatin giya zaka tarar da tsohon giris ya daskare yayi baƙi kamar kwalta, ka kwashe da ɗan katako, ka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe, ka sa sabo amma kar ka cika maƙil, wajen rabi ya isa. Shi Skil 77 da 'yan uwansa masu giyar tsutsa mai ake zuba musu mai kauri, ba giris ba. Boris kuma akwai lamba a gefensa, irin su 6202 ko 6203, waɗannan har gobe ana yinsu, in na inci ne ka tafi da tsohon a auna.

Sai buroshi, ƙananan gawayin nan biyu da suke gogar amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin injin. In sun cinye sun rage kamar sulusi ka canza, in baka samu daidai ba ka sayi wanda ya ɗan fi girma ka goge shi da samfefa har ya riƙa shiga yana fita ba tare da ya maƙale ba. Wajen da suke gogar, jan ƙarfen nan mai tsaga-tsaga, ka naɗa samfefa mai laushi ka juya a hankali har yayi haske, ka bi tsagogin da tsinke ka fitar da baƙin. Kar ka sa takardar emari, baƙar samfefar goge ƙarfe, a nan, wutar lantarki tana bi ta cikin garinta. Wannan ne wajen da nafi so a duk aikin, amecha da ta fito baƙa ƙirin ka ganta ta koma ja tana sheƙi a hannunka.

Tsatsa kuwa, ƙananan kayan ƙarfe ka jiƙa a ruwan khal kwana ɗaya ka goge ka shanya ka shafa mai nan take, in ka bari tsatsar zata dawo kafin yamma. Saman tebur na zubin ƙarfe ka ɗiga mai ka bi da samfefa a naɗe jikin katako mai faɗi dan kar ka yi masa kwari, ka gama da kakin goge katako. Alminiyam kar ka kuskura ka kai shi kusa da soda mai ƙuna, cinye shi take. Fentin zamanin da kuma yana iya ƙunsar dalma, wasu tsofaffin wayoyi na ciki ma an naɗe su da asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, dan haka banda gogewa a bushe ko hurawa da iska, ka jiƙa, ka sa abin rufe hanci na gaske.

Maganar sake fenti ana yawan gardama a kai. Ni in fentin asali yana nan ko da rabi ne barinsa nake, in wanke in shafa kaki, dan wajen da ya goge a mariƙi hannun wani ne ya goge shi shekara da shekaru yana neman abincinsa, ban ga dalilin rufe wannan ba. In tsatsa ta cinye komai to a fenta, amma a rufe farantin da kyau.

Ba kowane ne zaka yi aiki dashi ba fa. Tsohon injin fere katako mai kan wuƙa mai kusurwa huɗu yana fizgar hannu, wannan na ajiya ne sai in an canza masa kai mai zagaye. Zarto da babu murfinsa kar ya juya sai ka samo murfin. Dutsen giranda da ya zo da inji ka cire ka rataye a yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa da mariƙin sukundireba, lafiyayye zai yi ƙara siririya kamar ƙararrawa, mai tsaga zai yi dum, wannan ka fasa shi ka zubar dan kar wani ya tsinta. In injin yana da kafasito, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta, ka sauke wutar cikinsa kafin ka taɓa, yana riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Ranar kunnawa ta farko ka ɗaure injin a bais, wato matsin ƙarfe na teburin aiki, ko ka kwantar dashi kan busasshen katako, babu zarto babu komai a baki, ka sa tabarau, ka kunna daga soket kana gefe. Ka leƙa ramukan iska, ɗan tartsatsi ƙarami shuɗi a bakin buroshi daidai ne, in kuwa wutar tana zagaye amechar kamar zobe ka kashe nan take. Ka barshi yayi minti biyar babu kaya dan sabon buroshi ya zauna, ka kashe ka zare, ka taɓa wajen boris da bayan hannu, ɗumi babu laifi, zafin da bazaka iya riƙewa ba akwai gyara. In komai lafiya sai ka ɗaura masa 'yar takarda da zare, ka rubuta ranar da ka samo shi da abinda ka canza da lambar boris, ka rataye shi wajen da babu laima, kuma duk wata biyu ko uku ka sauko dashi ka huda ko katako ɗaya ne dan giris ɗin ya zagaya.