Ga masu fita ziyara a Madina

Jama'a, ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku ɗauki shatar mota, ku nemi ɗalibi Bahaushe na Jami'ar Musulunci ya raka ku. Motar ayari ba ta jira. Kafin ku gama yi wa su Sayyidina Hamza addu'a a Uhudu, direba ya fara danna oda. Mu kuwa har Dutsen Maharba muka hau, ɗalibin ya nuna mana ta inda Khalid bin Walid ya zagayo da dawakai a Yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira.

Ku fita da an idar da Asuba, da alwalarku tun daga masauki saboda ladan sallah a Masallacin Kuba. Kuɗin jira kuma a yanke shi kafin a shiga mota, kada a je Masallacin Ƙiblataini ana cacar baki.