Yadda Ake Noman Kayan Miya a Buhu a Tsakar Gida

Gidan da aka malale tsakarsa da siminti ma yana iya ba da alayyafo da kuɓewa da tumatir, muddin akwai kusurwar da rana ke sauka a kanta awa shida a yini. Wannan za a fara dubawa kafin a kashe ko sisi a kan iri. A leƙa wurin da hantsi, a sake leƙawa da azahar da la'asar, a ga inda inuwar katanga take tsayawa. Tumatir da tattasai da kuɓewa ba sa 'ya'yan kirki a inuwa, sai dai su yi ta miƙewa siriri kamar tsinke. Alayyafo da salak da lalo kuwa suna haƙuri da awa huɗu. A garuruwa masu zafi irin su Kano, Sakkwato da Maraɗi, gindin katangar yamma ya fi dacewa: shuka ta sha ranar safe har azahar, katanga ta tare mata ta la'asar.

Buhun taki ko na shinkafa mai cin kilo 50 ya wadatar. A wanke shi, a naɗe bakinsa waje har tsayinsa ya dawo kamar santimita 45, sannan a huda gindinsa wuri takwas zuwa goma da ƙusa mai zafi. Wuƙa tana sa saƙar ta warware, ƙusa mai zafi kuwa narkar da bakin hudar take ta liƙe shi. A ɗora buhun kan bulo biyu ko tsakuwa, domin daɓen siminti da tsakar rana yana gasa saiwa, kuma ruwan da ya tsiyaye yana kwanciya a ƙasa. Rana tana cin irin wannan buhu, cikin 'yan watanni sai a ga yana zubar da farin gari yana yagewa, don haka a zura buhu cikin buhu, ko a kewaye layin da tsohuwar tabarma. A cika shi a inda zai zauna, don in ya sha ruwa nauyinsa yana kai kilo 50 ko fiye, jan sa kuma yana tsinka saiwa. Mai son jerawa a saman bene ya bi gefen bango da kan ginshiƙi, kada ya tara su a tsakiya. Rufin soro na ƙasa kuwa ba wurin lambu ba ne.

Haɗin ƙasa

Nan ne yawancin masu farawa ke faɗuwa, sannan su ɗora wa mai sayar da iri laifi. Shukar gona tana da inda za ta miƙa saiwa ta nemi abinci, ta buhu ba ta da komai sai abin da aka zuba mata.

A haɗa bokiti biyu na ƙasar gona, bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki, bokiti ɗaya na ɓuntun shinkafa ko yashi mai tsabta. In ƙasar jigawa ce, a bar yashin, a ƙara taki kaɗan. In ta fadama ce mai laka, yashi ko ɓuntu ya zama dole, in ba haka ba za ta daskare kamar tubali, ruwa ya riƙa gangarawa ta gefen buhu bai taɓa tsakiya ba. Gwajin a hannu yake: a yayyafa ruwa, a damƙi ƙasar a dunƙule. Mai kyau za ta dunƙulu, da an taɓa ta da yatsa ta farfashe. Wadda ta liƙe a tafin hannu tana sheƙi laka ta yi mata yawa, wadda ta ƙi dunƙuluwa kuma yashi ne ya rinjaye ta.

Ƙasar bola tana ruɗin mutane saboda baƙinta. Gaskiya ne tun da daɗewa manoman kewayen Kano suna kwasar sharar birni a kan jakuna zuwa gonakinsu, amma sharar wancan lokaci toka ce da kashin dabbobi da ganye. Bolar yau cike take da fasassun batura, baƙin mai, kwalabe da ƙonanniyar leda, ganye irin su alayyafo da salak kuma suna iya zuƙar dalma da danginta daga ƙasa su kai ta cikin tukunya. Abin da ya riga ya shiga jikin ganye wanki ba ya fitar da shi.

Taki kuma sai ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona dashe cikin 'yan kwanaki: bakin ganye ya bushe, shuka ta langaɓe alhali ƙasa na da danshi. A tara takin a inuwa, a jiƙa shi, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk kwana goma har mako shida zuwa takwas. Ya nuna in an cusa hannu ciki ba a ji zafi ba, warin ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Na kaji ya fi na shanu da na awaki ƙarfi, rabin bokiti ya isa. Wajen juyawa a tsince gwazarma a watsa wa kaji. Toka tafi ɗaya ta isa buhu guda, in ta yi yawa sababbin ganye sukan fito rawaya. A cika buhun a bar tazarar yatsu huɗu daga baki, a ba shi ruwa sosai, a ƙyale shi mako guda ƙasa ta zauna, ciyawar da ke cikin taki ta fito a cire.

Me za a shuka, kuma yaushe

Kowa tumatir yake so, alhali shi ne mafi rigima. Mai farawa ya fara da alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, abin da yatsu uku suka ɗauka ya ishi buhu. A gauraya shi da yashi tafi ɗaya a barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama. Yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, a mako na uku zuwa na huɗu an fara ci. A fara da tuge masu cunkoso a bar shida zuwa takwas, a riƙa yankarsu a tsayin taƙi guda daga ƙasa su sake tofo. In ana shuka sabon buhu duk mako biyu, ganye ba zai yanke a gidan ba.

Kuɓewa a jiƙa irinta kwana guda, a shuka ƙwaya uku a zurfin gaɓar yatsa, in sun fito a bar biyu masu ƙarfi. Tana fara ba da 'ya'ya a mako na bakwai zuwa na takwas. A riƙa tsinka duk kwana biyu, don in aka bar ta ta ƙosa a jiki, uwar takan rage haihuwa. Ita da rama da yakuwa da lalo damina ce lokacinsu.

Tumatir da tattasai da attarugu sai an rene su a tsohuwar roba mai huda kafin dashe. Tumatir ya isa dashe a mako uku zuwa huɗu, in ya yi ganye huɗu ko biyar, tattasai da attarugu sai mako biyar zuwa shida. A dasa da yamma. Tumatir a nutsa ƙafarsa har kusa da ganyen farko, don yana fitar da saiwa daga kara. Buhu ɗaya tumatir ɗaya, kuma a kafa masa sanda tun ranar, ba sai ya yi saiwa a zo a soke ta ba. Iri masu gajeren tsayi kamar UC82B da Roma VF sun fi zama lafiya a buhu. A zuba iri a Oktoba, a dasa a Nuwamba, a fara tsinka bayan wata biyu zuwa biyu da rabi. Wanda ya makara har fure ya riski zafin Maris zuwa Mayu zai ga furen na kaɗewa, don zafin da ya haura digiri 35 yana lalata garin furen, ƙarin taki ba ya gyara wannan. Salak, kabeji da karas su ma na hunturu ne. In an ga F1 a jikin ledar iri, kada a ajiye irin 'ya'yansa don baɗi, ba sa fitowa kamar uwarsu.

Ruwa

Babban tumatir a buhu yana shan lita biyu zuwa uku a yini da hunturu, da bazara ya ninka, rabi da safe rabi da yamma. Ke nan da hunturu buhu goma jarka guda mai lita 25 kullum. Mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya yi wannan lissafi kafin ya jera buhu talatin.

Kafin a zuba a cusa yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi a bari. Yawan ruwa da ƙarancinsa kamanninsu ɗaya, shuka ta yi yaushi ganyen ƙasa ya yi rawaya, sai mutum ya ƙara ruwa ya ida kashe ta. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a saman ƙasa, kada ya taɓa kara. Mai wuni a wajen aiki ya huda gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da allura wuri uku ko huɗu, ya binne ta gefen shuka ya cika ta da safe.

Baƙin tabon da ke fitowa a gindin ɗan tumatir ba ƙwaro ke jawo shi ba, feshi kuma asarar kuɗi ne. Ban ruwa ne na yau da yawa gobe babu, wanda ke hana sinadarin kalsiyam isa cikin ɗan. Tsagewar tumatir ma daga nan take.

Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk suna yi. Ruwan wanki mai omo yana tara gishiri a ƙasa. Ruwan kwata kuwa sam, don yana ɗauke da ƙwayoyin taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki, salak kuma ɗanye ake cin sa. A Kano an daɗe ana nuna damuwa kan lambunan bakin Jakara da Getsi saboda ruwan gidaje da na masana'antun Bompai da ke kwarara ciki, to bai kamata a kawo irin wannan matsala tsakar gida ba. In farin gishiri ya fito a saman ƙasa, a kwarara ruwa mai kyau har ya tsiyaye ta gindi, sau ɗaya a wata.

Takin zamani kaɗan ake sa wa. NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo guda, mako biyu bayan dashe, a binne shi yatsu huɗu daga kara a ba da ruwa, a maimaita duk mako uku. Yuriya ta dace da alayyafo, amma in ta yi yawa a tumatir sai a samu ganye lif-lif ba 'ya'ya.

Maɓarnata

A birni ƙadangare da kaji sun fi ƙwari saurin ɓarna, wuni guda ya ishe su share reno. Tsohon gidan sauro a kan sanduna yana tare su. Sai kuma farin ƙuda, wanda ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta tsumburar da shi. Wanda ya kamu ba ya warkewa, a tuge shi a fitar. Sai tsutsar Tuta absoluta da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a 2016. Tsakanin fatun ganye take shiga, sai a ga farin tabo kamar takarda, in aka ɗaga ganyen ga rana a hango ta ciki. A lambun buhu goma hannu ya fi feshi: a duba duk safiya, a tsinke ganyen a ƙona.

Don farin ƙuda da darɓa, a daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya busasshe giram 50, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. A fesa da yamma, a bi ƙarƙashin ganye, duk kwana biyar zuwa bakwai. A haɗa na ranar kawai, don ba ya ajiyuwa. Fiya-fiya da maganin sauro ba na abin da za a ci ba ne.

In an gama girbi a tuge shukar a duba saiwarta. In ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar ƙasa da ido ba ya gani ce ta shiga. A zazzage ƙasar a shimfiɗa ta siriri, a jiƙa, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefe, a bar ta a zafin rana na watan Afrilu mako huɗu zuwa shida. In saiwa lafiya take, a ƙara bokitin ruɓaɓɓen taki a sake shukawa, amma kada tumatir ya bi bayan tumatir, tattasai, attarugu ko yalo, don dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke kama su. A sa albasa mai lawashi ko alayyafo a tsakani.