Babi na 7: Idan A-kori-kura Tana Bugu Lokacin da Aka Taka Birki

Wannan babi na masu a-kori-kura ne da yaran motarsu, musamman masu ɗaukar buhunan hatsi da dabbobi zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis. Yawancin motocin nan sun ga shekaru. Akwai Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, akwai kuma tsofaffin Toyota Hilux. Tsohuwar mota ba ta rasa ƙara, amma bugun da yake zuwa daidai lokacin da aka taka birki ba a kawar masa da kai. Ku karanta a hankali, ku sa yatsa a ƙarƙashin kowane layi, kuma wanda kalma ta gagare shi ya tambayi na kusa da shi, domin babu kunya a aji.

Darasi na 1: Ƙirga bugun

Kafin komai, ku sauke duk abin da ke bayan motar: jak, safayar taya, jarkar ruwa, guntun katako, har da igiya mai ƙugiya. Na taɓa ganin wanda ya kwana biyu yana zargin birkinsa, ashe jak ne yake gangarowa ya daki bangon bodi duk lokacin da motar ta tsaya.

Bayan haka ku nemi hanya miƙaƙƙiya mai laushi, inda babu yara kuma babu shanu, ku sauke gilashi, ku kashe rediyo. Ku bari allurar agogon gudu ta kai lamba 40, wato huɗu da sifiri a gefenta, sannan ku taka birki a hankali har motar ta tsaya. Aikinku a nan guda ɗaya ne, ku ƙirga bugun. Shin sau ɗaya ya yi, gif, ya yi shiru? Ko kuwa a jere yake zuwa, gif-gif-gif, yana rage sauri yayin da motar take rage gudu?

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. Da na tambayi wani dattijo a ajinmu na bara, sai ya ce, "Malam, ai ƙara take yi kawai." Na ce, "Baba, na yarda tana ƙara, amma sau nawa?" Ya yi shiru, ya koma ya gwada, washegari ya dawo yana dariya ya ce a jere take yi kamar ana daka a turmi. Wannan amsa kaɗai ta rage masa rabin wahala, domin bugun da yake zuwa a jere daga abin da yake juyawa yake fitowa, wato taya, ko faifan birki da kanikawa ke kira dis, ko duram, wato gangar birki da ke cikin tayoyin baya. Bugun da yake zuwa sau ɗaya kuwa daga abin da ya saki yake, wanda nauyin mota ya tura gaba ya daki ɗan'uwansa.

Ku sake gwadawa sau uku. Kada ku dogara da gwaji ɗaya, kada kuma ku amsa da abin da kuke tsammani. Ku ƙirga da baki, da ƙarfi, yaron mota yana ji. Idan kunnenku bai rarrabe ba a karon farko, wannan ba gazawa ba ce, kunne ma sai da koyo. Ku ɗauki fensir ku rubuta ɗaya daga cikin waɗannan a littafinku: SAU ƊAYA ko A JERE. Wanda bai rubuta ba kada ya wuce zuwa darasi na gaba.

Darasi na 2: Gaba ne ko baya?

Wannan darasi na wanda ya rubuta A JERE ne. Ku koma kan hanyar nan, ku taka birki, ku lura da jikinku. Idan sitiyari ne yake karkarwa a hannunku, matsalar tana tayoyin gaba, inda mafi yawan waɗannan motoci suke da dis. Idan sitiyari bai motsa ba amma kuna jin bugun a kujera, ku zargi duram na baya. Fedar birki na iya turo ƙafa sama da ƙasa a duka biyun.

Akwai gwaji mai sauƙi. Motar tana tafiya a hankali, ba ta wuce lamba 20 ba, ku ja birkin hannu kaɗan-kaɗan ba tare da kun taka na ƙafa ba, kuma kada ku fizge shi. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, saboda haka idan bugun ya fito a nan, baya ne.

Dis yana lalacewa idan ya ci wuta, kamar lokacin da aka yi lodin da ya wuce kima aka riƙa danne birki, ko aka shiga ruwan damina da shi da zafinsa, ko aka ɗaure notunan taya wani ya fi wani ƙarfi. Fuskarsa sai ta daina zama daidai, wani wuri ya fi wani kauri, kuma duk zagaye ɗaya sai takalmin birki ya ci karo da tudun. Shi ya sa bugun yake bin saurin taya, shi ya sa kuma na dame ku da ƙirga.

Darasi na 3: Duba taya

Ku fara da wilsifana, wato sifanar ɗaure notunan taya, ku gwada kowane noti na kowace taya, domin noti mai kwance yana bugu kuma yana kisa. Ana ɗaure su a tsallake, wannan sannan na daura da shi, ba bi da bi ba.

Yanzu a ɗaga tayar. Ku tsaya a ƙasa mai tauri, ku sa giya, ku ja birkin hannu, ku sa weji, wato abin tokare taya, gaba da bayan tayar da ba za a ɗaga ba. Bayan jak ya ɗaga, ku tura kututture mai ƙarfi a ƙarƙashin shasi. Na faɗa a aji har na gaji, amma har yanzu ina ganin magidanta da iyali suna cusa kai a ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, a cikin rairayi, wasu ma da bulon siminti wanda yake farfashewa ba sallama. Wannan ganganci ne, kuma wanda ya san ba zai nemo kututture ba ya rufe littafin nan ya kai motar gareji.

Ku kama tayar sama da ƙasa ku girgiza. Idan tana wasa, boris ne, wato abin da taya ke juyawa a kansa, ko boljoyin, wato gaɓar ƙarfen da ke riƙe da ƙafar tayar. Ku kama ta dama da hagu ku girgiza. Idan tana wasa, ku zargi tayarod, wato sandar da ke haɗa taya da sitiyari. Sannan ku juya ta da hannu kuna shafa bayanta, domin tayar da wayarta ta tsinke a ciki tana yin ƙulu, kuma irin wannan takan yi bugu ko ba a taka birki ba. Idan kun cire tayar, ku dubi takalmin birki: in abin da ya rage bai kai milimita 3 ba, wato ɗan fiye da kaurin tsinken ashana, a canza na dama da na hagu tare. Kada ku hura ƙurar birki da baki, tana cutar da huhu.

Darasi na 4: Bugu sau ɗaya

Wanda ya rubuta SAU ƊAYA, in har ya ƙirga da gaske, ya dubi kusoshin da ke riƙe da kalifa, wato maƙallin da ke matse dis, ya dubi robobin bushin ko sun tsage, da shoka. A baya kuma ya dubi sifirin ko ganye ɗaya ya karye, da ƙarafan da suka ɗaure shi a jikin aksil. Inda ƙarfe yake sheƙi a tsakiyar tsatsa, nan ne ake gogayya.

Darasi na 5: Wajen bakanike

Ku faɗa masa abin da kuka rubuta, sau ɗaya ko a jere, gaba ko baya. Ana rubuta iyakar kaurin dis a jikinsa. Idan ya kai iyakar ba a fere shi, sai a sayi wani a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Idan feda tana nutsewa ƙasa ko man birki yana zuba, kada a tuƙa motar, a kira shi ya zo.

Aikin gida: ku rubuta kalmomin birki, taya, noti da weji, kowace sau biyar.