Gajiyar roba mai gauraye: yadda ake gane ta da yadda ake auna ta

Kujerar roba ba ta karyewa ranar da mai ƙiba ya fara zama a kanta. Sai ta sha zama da tashi sau dubbai, wata rana yaro ya hau, ƙafa ta ɓalle. Haka tankin lagireton mota yake yi, haka fankar injin ban-ruwa a Jiratawa. Wannan ita ce gajiya: nauyi kaɗan mai maimaituwa yana buɗe tsaga sannu a hankali har ta cinye kaurin abin.

Roba mai gauraye ita ce wadda aka cuɗa da zaren gilashi ko gari. Fara da karanta tambarin da ke bayan kayan. >PA66-GF30< nailan ne mai zaren gilashi kashi 30 cikin ɗari, >PP-TD20< kuma PP ne, wato robar polypropylene, mai hodar talk (garin wani dutse mai laushi) kashi 20. Zaren gilashi yana ƙara ƙarfi na gaske. Talk da garin alli tauri suke ƙarawa su rage kuɗi, kuma inda garin ya dunƙule nan tsaga take farawa. Kujera mai nauyi a hannu, mai fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, sau da yawa alli ne ya yi mata yawa.

Kada ka dogara da ƙarfin da ke takardar mai sayarwa, na ja sau ɗaya ne har ya tsinke. PA66-GF30 busasshe yana kai wajen megafaskal 190 (ma'aunin ƙarfin abu ke nan), in ya sha laima ya sauko kusan 130. Abin da zai ɗauki nauyi sau miliyoyi, ka lissafa masa kwata zuwa sulusin adadin da ya dace da shi, na busasshe ko na mai laima. A zafin Afrilu da Mayu na Maradi, da ya wuce digiri 40 a inuwa, ka ƙara ragewa, balle abin da ke zaune kusa da inji.

Wurin da ya fi cin mutane shi ne gaɓar haɗuwa. Idan narkakkiyar roba ta zagaye rami ko ta shigo mazubi ta ƙofa biyu, bakunan biyu suna haɗuwa su bar siririn layi kamar gashi. Zaren gilashi ba ya tsallake wannan layi, kwanciya yake yi a gefensa, don haka ƙarfin wurin yakan faɗi zuwa kusan rabi. Karkata kayan a hasken rana za ka gan shi, galibi a bayan ramin kusa. In kai ne ka ba da aikin mazubi a Kano ko wani wuri, ka sa a matsar da ƙofar har layin ya faɗa inda ba nauyi, a kuma yi masa hanyar fitar iska. Wannan dalilin ne kuma ya sa kaya ya fi ƙarfi ta inda robar ta gudana fiye da a gicciye: zaren yana bin gudu ne.

Sai kusurwa. Lungu mai kaifi tsaga ce da aka riga aka fara. Lanƙwasar ciki kada ta gaza rabin kaurin bango: bangon milimita 3, lanƙwasa milimita 1.5. Haƙarƙarin ƙarfafawa ya tsaya a kashi 50 zuwa 60 na kaurin bango, in ya fi haka sai ya bar kogo a gindinsa lokacin hucewa. Nailan a busar da shi awa 4 a digiri 80 kafin zubi, laima ta koma ƙasa da kashi 0.2, in ba haka ba kayan zai fito da kyau a ido amma da gautsi. Ragowar robar da aka niƙa aka mayar cikin zubi kada ta wuce kashi 25, kowane niƙa yana gutsure zaren.

Gwaji ba sai da babban ɗakin bincike ba. Ƙaramin injin lantarki, faifai mai karkatacciyar cibiya da zai riƙa danna kayan, da na'urar ƙirga zagaye sun isa a kwatanta kaya biyu. Kada gudun ya wuce sau 5 a daƙiƙa. Roba ba ta fitar da zafi kamar ƙarfe, in ka yi sauri sai ta ɗumama daga ciki ta yi laushi, ka auna narkewa a maimakon gajiya. Taɓa ta lokaci-lokaci, in ta yi ɗumi rage gudu. A wannan gudun zagaye miliyan ɗaya yana cin kusan awa 56, to ka yi shirin ɗaukewar wuta, ƙirgar kada ta goge. Gwada nauyi uku ko huɗu, kowanne da samfur biyar aƙalla, don guda biyu daga mazubi ɗaya suna iya bambanta ninki da yawa.

Bayan karyewa duba fuskar wurin. Sashe mai santsi shi ne inda tsaga ta yi ta rarrafe, mai kaushi shi ne ɓallewar ƙarshe. Zaren da ya zaro tas ba roba a jikinsa yana nuna bai kama da robar ba, matsalar daga gaurayen take. A PP kuma farin tabo a gindin ƙafa ko kusa da rami yana bayyana tun kafin tsaga ta buɗe, a nan ake cire kayan daga aiki.