Yadda za ku kama adon harshe da ruɓaɓɓun hujjoji ba tare da hadda ba

Ƙannena masu shirin WAEC da JAMB a nan Legas, don Allah ku rage haddace jerin sunayen adon harshen nan kamar karatun allo. A jarabawa layi ɗaya za a ajiye maka a ce wanne salo ne wannan, ba ruwansu da ma'anar da ka haddace, toh in ba ka saba jin abin a bakin mutane ba sai ka zauna kana cizon biro.

Ka samu ƙaramin littafi, kowanne salo shafi ɗaya. Sama ka rubuta sunansa yadda yake a littafin Turancinka, ƙasa kuma misalin da ka ji da kunnenka, a danfo ne ko a Mile 12 ko wajen mai shayi, sannan ka ƙirƙiro naka da Turanci.

Fara da simili da metafo, wato kamance da siffantawa. "Gosulon Oshodi kamar tafiyar hawainiya" kamance ne saboda akwai kamar, a Turanci like ko as za ka nema. In ka cire ta ka ce "Legas teku ce", ka shiga metafo. Amma fa ba kowanne like ba, wanda ya ce I like rice shinkafa kawai yake so. Duk wanda ya karanta darasin balaga a Islamiyya ya riga ya san tashbihi da isti'ara, hanya ɗaya ce.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne metonimi da sinekdoki. Ka ji an ce "Alausa ta hana okada a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022", ai unguwa ba ta kafa doka, gwamnatin jihar da ke zaune a can ake nufi, an kira abu da sunan abin da ke maƙale da shi, metonimi kenan. Shi kuma magidancin da ya ce "baki goma nake ciyarwa" ya ɗauki sashen jiki ya sa a madadin mutum gaba ɗaya, sinekdoki. Tambayar gwaji ɗaya ce: abin da aka ambata ɓangare ne na jikin abin, ko dai kusa da shi yake? Laitotis kuwa, wato ka kore kishiyar abu don ka tabbatar da shi, kullum muna yinsa, a tambaye ka ya kasuwa ka ce "ba laifi" alhali ciniki ya yi kyau.

Yanzu hujjoji, nan ne na fi damuwa wallahi, domin rubutun muhawara na WAEC ba ya ƙasa da kalma 450, kuma da yawa suna cika shi da hayaniya. Tun zamanin Aristotil na Girka aka kasa jan ra'ayi gida uku: ethos mutuncin mai magana, pathos taɓa zuciya, logos hujja. Yawanci muna ta zuba pathos mu manta logos.

Ka zauna majalisa a Agege ko Idi-Araba minti kaɗan za ka ji ruɓaɓɓun hujjoji duka. "Kai da ko sakandare ba ka gama ba me ka sani?" Wannan ad hominem ne, an bar magana an kama mutum. "Ko ka bi mu ko kai maƙiyinmu ne", an toshe sauran hanyoyi an bar biyu da gangan. "Tun da aka sa wancan yaron a shago ciniki ya mutu", post hoc, don abu ya zo bayan wani ba shi ke nuna shi ya jawo shi ba, wataƙila damina ce ko kaya suka yi tsada. Sai kuɗin goro, wanda mu ya fi yi wa ciwo: ɗan acaba ɗaya ya yi laifi a ce duk 'yan Arewa haka suke. Muna jin zafinsa, amma mu ma mukan yi wa wasu, kuma in ka sa irinsa a takarda hujjarka ta rushe.

In ka gama rubutu ka bi shi da jan biro, duk inda ka ga all, always ko never ka tsaya ka tambayi kanka misali nawa gare ni. In ɗaya ne ko biyu, mayar da shi some ko many, sannan ka kawo misalin a jimlar da ke biye.